Ranar da Fijo 504 ta fita da ni gaishe-gaishe a Gaya

Har yanzu akwai shatin bonet a gadon bayana, don haka gara in rubuta da kaina kafin 'yan unguwa su gama zuba wa labarin gishiri.

Motar ta marigayi mahaifinmu ce, Fijo 504 mai dogon baya, haɗin Kaduna, cikin irin waɗanda aka fara harhaɗawa a can tun 1975. Da ita ya yi ta jigilar fasinja tsakanin Gaya da Dosso har ƙarfi ya ƙare, daga nan ta kwanta a gindin mangwaro, kaji suka gaje kujerar baya. Bana na ce sai na tashe ta. An yi fenti, an ɗinke kujeru, an wanke kafireto, na je Kamba na sayo sabon batir. Saura a murɗa makulli ta amsa. In na murɗa, sai in ji wani ɗan "ƙyas" can ƙasa, shi ke nan.

Ni malamin makaranta ne, amma na sha zaman gareji har na san inda ake neman irin wannan ciwo. Dimara ne, wanda mutanen Kamba ke ce wa kik. A bayansa akwai wani ɗan gwangwani, solinoyid. Siririyar waya ce ke kawo masa saƙo daga makulli, shi kuma ya tura ɗan haƙori ya cafki babban faifan injin, ya saki wutar batir, injin ya juya. Na kunna fitilu na murɗa makulli, ba su dushe ba, ke nan batir ya fita daga zargi. Na kankare kawunansa. Na ƙwanƙwasa dimaran da guduma yadda direbobin tasha ke yi in gawayin ciki ya maƙale. Har gawayin na canza, kuma da yake an rufe gadar Malanbil tun bayan juyin mulkin 2023, a kwale-kwale ya ƙetaro kogi cikin aljihun wani abokina. Na mayar, na ɗaure, na murɗa. Ƙyas.

Duk wannan aikin a gaban Baba mai rake nake yin sa. Shi ne ke zama ƙasan layinmu da damin rakensa da 'yar wuƙarsa, kuma a rayuwarsa bai taɓa tuƙa abin da ya wuce amalanken jaki ba. Takardar shaidarsa a harkar mota ɗaya ce: a zamanin Seyni Kunce ya taɓa zama gidan gaba daga nan har Yamai, kusa da direba, yana kallon komai.

"Ɗan nan, motar nan lafiyarta lau," in ji shi. "Fushi take. Kai in kaji suka shekara suna kashi a kanka, daga an kira sunanka sai ka amsa?"

Na ce, "Baba, wuta ce ba ta kaiwa."

"To ina za ta kai? Gada a rufe. Ita ma ta ji labari."

Ya ce in shafa wa batir man shanu. Ya ce in daina murɗa makulli da rana tsaka, ƙarfe ma yana ƙailula. Ya ce in nemo tsohon yaron motar mahaifinmu ya buga mata gefe ya yi kiran fasinjan Dosso, wai da ta ji za ta tuna sana'arta. Gaskiya na fi jin daɗin sauraronsa a kan kwanciya ƙarƙashin mota, shi ya sa nake biye masa. Da ya ce ba a tada mota tana kallon bango, sai na tara samari muka turo ta waje, muka juya hancinta ta fuskanci gangaren kogi. Da ya ga dutsen da na sa a gaban taya, sai ya girgiza kai: "Ka tare mata hanya, kuma kana roƙonta ta tafi?" Ya sa sandarsa ya ture dutsen. Birkin hannunta kuwa ya rigaya mai ita barin duniya, don haka ƙanena, cikin hikimarsa, ya jefa ta a giya ta ɗaya kada ta gangara, ya wuce kasuwa bai gaya wa kowa ba.

Saura gwaji ɗaya da kowane bakanike ya sani. A buɗe makulli, a ɗauki sukundireba a haɗa babban ƙullin da ke kawo wutar batir da ɗan ƙaramin da siririyar wayar ke shiga. In dimara ya juya, to laifin yana tsakanin makulli da wayar. Dimaran 504 yana can ƙasa, sai ka miƙa sosai. Na tattare rigata, na ɗora cikina a kan gefen motar, na zura kai da kafaɗu, har ƙafafuna suka bar ƙasa. Na taɓa.

Jama'a, ta tashi. Bugu ɗaya.

Farin cikina bai kai ƙiftawar ido ba, domin ta tashi ne tare da tafiya. Zaburar farko ta ture sandar da ke tokare bonet, bonet ya sauko ya danne mini baya. Kaina a ciki, fanka na juyawa taku ɗaya daga hancina, hulata ta faɗa wani wuri da har yau ba a gano ba. Abin da duniya ke gani daga waje shi ne mota ba direba, da rabin malamin makaranta, rabin na ƙasa, yana wutsil-wutsil kamar kazar da aka cusa a kwando ta kai.

Da gudu ta yi, da an ce hatsari ne, an tausaya mini. Ina! Tafiyar ƙasaita ta yi, a hankali, yadda kowa zai samu damar fitowa ya gani, ya koma ya kira na cikin gida. Na tuna in aka zare wayar kwayil mota na mutuwa. Na kai hannu, ta ba ni wani shokin da ya sa na kira sunan mahaifiyata, abin da ban taɓa yi a bainar jama'a ba. Ina jin ɗalibaina a baya suna bi suna "Malam! Malam!", wani da takalmina ɗaya a hannunsa.

Sai muka iso majalisar surukina.

Wannan mutum, tun da na auri 'yarsa ban taɓa wuce shi a tsaye ba. Daga nesa nake cire takalmi, in durƙusa, in sunkuyar da kai. Ta 'yar kafar da ke tsakanin bonet da gefen mota na hango tabarmarsa, da butarsa, da ƙafafun abokansa dattawa a jere. Na yi lissafi cikin gaggawa: takalmi dai na cire, ko da ɗaya ne. Kai kuwa ban taɓa sunkuyar da shi kamar yau ba. Abin da ya rage gaisuwa ce. Daga cikin injin na ɗaga murya na ce, "Barka da hantsi, Baba!"

Aka yi tsit. Sai na ji muryarsa, a natse, yadda ya saba: "Barka kadai. Allah ya kiyaye hanya."

Dattawan suka amsa, "Amin."

Wannan amin ɗin ce ke hana ni barci. Ina kwance sai in sake jin ta, baki ɗaya, ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya tashi. Matata, da ta ji daga bakin mahaifiyarta, ta ce wai bayan na wuce surukin nawa ya ci gaba da jan carbinsa, can ya ce wa na kusa da shi, "Yaron akwai ladabi." Ban sani ba ko yabo ne. Na juya maganar ta kowace fuska, ba ta yi mini daɗi ta ko'ina ba.

Damin raken Baba ne ya tsayar da mu. Motar ta tura shi, ta hau rabinsa, ta yi tari ta mutu. Samari suka ɗaga bonet suka zaro ni ta ƙafa, fuskata baƙa ƙirin da baƙin mai. Baba mai rake na tsaye gefe, sanda a hannu, ko kallon asararsa bai yi ba. Ya dubi taron ya ce, "Ku ne shaida. Na ce a juya ta ta kalli kogi, na ce a cire dutse. Ta tashi ko ba ta tashi ba?"

Washegari wani yaron gareji da bai kai shekarun ɗalibaina na ajin ƙarshe ba ya bi siririyar wayar da yatsa, ya samu inda ɓera ya gaigaye ta saura 'yan zare, ya yanke ya haɗa ya naɗe da salatif. Jaka ɗaya ya karɓa. Raken da muka take ya ci jaka bakwai, kuma Baba ya ce kuɗin shawara ya yafe saboda zumuncinsa da marigayi. Yanzu 'yan kabu-kabu har layi suke yi a gabansa in babur ya ƙi tashi.

Na ji an ce wani ya ɗauki abin a waya. Ko wane ne, don girman Allah ya goge, ko aƙalla ya yanke wurin gaisuwar.