Ɗanyen Hoto da Dokin Baffa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu da yammacin Hawan Daushe, wato hawan da Sarkin Kano yake yi washegarin Sallah, ya biya Babban Ɗaki gaisuwa sannan ya dawo Gidan Rumfa ya karɓi jahi, zai ɗauka cewa haɗarin da ke kan mai ɗaukar hoto bai wuce kofaton doki da ƙarar 'yan bindiga da tsawar dogarai ba. Wannan zato bai cika ba, domin doki yana da linzami, dogari kuma yana jin ban haƙuri, amma kwamfuta ba ta da ko ɗaya daga cikin biyun. Tun kafin hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024, kyamarori sun yawaita a filin, sai dai ba a cika yin bayani kan abin da ke faruwa bayan an watse ba, lokacin da mai hoto ya koma soron gidansu ya zauna a kan tabarma da nufin kwashe abin da ya ɗauka daga kyamara zuwa kwamfuta.

Kafin a shiga labarin ya kamata a san abin da ake kira ɗanyen hoto, wanda masu ƙera kyamara suke rubutawa RAW. A cikin kyamara akwai wani ɗan faranti mai jin haske, wanda aka rarraba shi gida-gida har miliyoyi, kowane gida ana ce masa fiksel, kuma babu gidan da yake ganin launi fiye da ɗaya, saboda an rufe su da matatar da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976, inda rabin gidajen suke ganin kore, kwata ja, kwata shuɗi. Idan an zaɓi JPEG, tsarin da aka kafa a 1992, kyamara ce da kanta take haɗa launukan, ta ƙara musu armashi, ta zubar da abin da take ganin ido ba zai nema ba, ta bar matakan haske 256 a kowane launi. Ɗanyen hoto kuwa yana riƙe lissafin yadda ya fito daga farantin, da matakai 4,096 ko ma 16,384, don haka nauyinsa a kyamara mai fiksel miliyan 24 yakan kai megabayit 25 zuwa 30. Matsayinsa ɗaya da fatar da ba ta je majema ba, wadda komai kyanta baduku ba zai ɗinka takalmi da ita ba. Bugu da ƙari, kamfanonin ba su haɗu a kan harshe ɗaya ba: Canon tana da CR2 da CR3, Nikon tana da NEF, Sony tana da ARW, kuma DNG da Adobe ta fitar a 2004 domin ta haɗa kansu ta zama ƙari ne kawai a kan jerin.

Wanda abin ya faru da shi wani saurayi ne na cikin Birni, wanda za a sakaya sunansa saboda har yanzu ana gaisawa, kuma iliminsa na hoto bai wuce abin da ya tsinta a YouTube ba, inda ya ji ana cewa ƙwararru ɗanye suke ɗauka. Baffansa, dattijo mai son a san ya hau, ya samu shiga tawagar wani hakimi a shekarar, ya yi aron doki, ya yi hayar kayan doki, ya ɗinka ankon da tawagar ta fitar, sannan ya kira ɗan nasa ya ce masa, "Kai da ka sayi injin hoto, gobe ina son wanda za a rataye a zaure." Yaron ya durƙusa ya ce, "An gama, Baffa," ya koma ɗaki ya juya kyamarar zuwa ɗanye zalla, duk da cewa a layin da ke ƙasa akwai zaɓin da ke ajiye ɗanye da JPEG tare, wanda da shi ya taɓa da wannan rubutu bai samu abin faɗa ba.

Ranar hawa komai ya tafi daidai, har bayan magariba ya nuna wa Baffa hotunan a allon bayan kyamara, Baffa ya gyara amawali ya sa masa albarka. Abin da su biyun ba su sani ba shi ne, abin da allon yake nunawa ɗan ƙaramin JPEG ne da kyamara take cusawa cikin kowane ɗanyen fayil domin a duba, kuma wannan ɗan samfuri shi ne ya sa Baffa ya sanar da majalisarsa cewa hoto ya kammala, saura a turo ta WhatsApp.

Matakin farko na kwashewa shi ne haɗa kyamara da kwamfuta da waya, kuma wayar da ta zo hannu ta cajin fitila ce. Cikakkiyar wayar USB ta zamanin da tana da zare huɗu a ciki, biyu na wuta biyu na saƙo, amma masu neman sauƙin farashi sukan yi ta da na wuta kawai, don haka kwamfutar ta yi shiru kamar ba a yi mata sallama ba. Sai aka koma ga zare katin a sa shi a na'urar karanta kati, wadda aka aro daga maƙwabta, kuma ta girmi katin da shekaru. Katin mai gigabayit 64 ne, irin da ake kira SDXC, wanda ya fito a 2009 da tsarin jera fayil mai suna exFAT, kuma tsohuwar na'ura idan ta gamu da abin da ba ta gane ba, maimakon ta amsa jahilcinta, sai kwamfuta ta ba da shawarar a yi wa katin fomatin, wato a share rajistarsa a mayar da shi fanko. Ƙanin mai hoton, wanda ƙa'idarsa a rayuwa ita ce amsa wa kwamfuta da "e" a kan kowace tambaya, ya riga ya miƙa yatsa lokacin da aka buge hannun, kuma kukan da ya biyo baya ya fito da Hajiyarsu daga cikin gida, ta tambayi ko hoton ne ya kai a daki yaro cikin Sallah.

Washegari, yayin da jama'a suka tafi kallon Hawan Nasarawa, shi ya nufi wani shagon kwamfuta a wajen ganuwa, ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da suka buɗe. Lissafin aikin mai sauƙi ne ga mai son yi: cikakken kati irin wannan yana ɗaukar ɗanyen hoto kusan 2,000, kuma ramin USB 2.0, wanda a aikace bai cika wuce megabayit 30 zuwa 35 a daƙiƙa ba, yana bukatar kamar rabin awa ya kwashe su. Masu ƙorafin jinkiri za su iya samun sanyi idan suka tuna cewa kyamarar dijital ta farko, wadda Steven Sasson ya haɗa a Kodak a 1975, daƙiƙa 23 take yi kafin ta rubuta hoto ɗaya baƙi da fari a kan kaset. Matsalar ita ce rabin awa lokaci ne mai tsawo ga janareton da aka zuba wa man rabin kwalba. Yaron shagon kuma, cikin son tsafta, ya zaɓi umarnin yankewa a maimakon na kwafi, bisa hujjar cewa ajiye abu ɗaya a wuri biyu almubazzaranci ne. Bambancin umarnin biyu shi ne, kwafi yana barin na asali a inda yake, yankewa kuwa tana goge kowane fayil daga kati da zarar ya sauka, wanda ke nufin ana ta rubutu a rajistar katin a daidai lokacin da janareton ya yi tari ya mutu. Da wuta ta dawo, rabin hotunan suna cikin kwamfutar shago, sauran rabin kuma suna cikin katin da yanzu kowace na'ura, sabuwa da tsohuwa, take neman a yi masa fomatin. Binciken gaggawa ya nuna cewa rabin da ya tsira na 'yan sulke ne da masu kakaki da bayan kawunan 'yan kallo, Baffa kuwa yana ɗaya rabin.

A wannan tsakani Baffa ya yi ta aiko yara, daga baya ya kira da kansa, kuma domin a kwantar masa da hankali aka tura masa fayil ɗaya ta WhatsApp a matsayin takarda. Wayarsa ta cinye data ta sauke shi, ta nuna farin akwati mai haruffa uku, Baffa ya kai wa mai gyaran waya, mai gyara ya ce bairos ne.

Abin da ya ceci lamarin shi ne wata gaskiya game da kati, wato lalacewar rajista ba ta nufin lissafin hotunan ya gushe, matuƙar ba a rubuta wani sabon abu a kansu ba. Akwai manhajar kyauta mai suna PhotoRec, wadda Christophe Grenier ɗan Faransa ya rubuta, da take bin kati lungu-lungu tana gane kowane fayil ta alamar da ke farkonsa, ba tare da ta nemi rajista ba. Ta dawo da mafi yawan hotunan, amma tun da sunaye a rajista suke zaune, sai ta raɗa musu nata, harafin f da dogon jerin lambobi, kuma mai hoton bai san cewa kowane fayil yana ɗauke da sa'a da mintin da aka ɗauke shi a cikinsa ba. Da ya buɗe su a manhajar wanke ɗanyen hoto, sai ya tarar jan rigunan dogarai ya koɗe, koren ya yi fari-fari, saboda armashin da kyamara take ƙarawa ba ya bin ɗanyen fayil zuwa manhajar wani kamfani. A nan dai ɗanyen ya nuna amfaninsa, kuma adalci ne a faɗa: farin rawanin da rana ta ƙone ya dawo da ninkinsa, fuskokin da inuwar laima ta rufe suka fito, ƙurar da ta mayar da sama ruwan ƙasa ta ragu.

Sai dai tawagar hakimin duk anko ɗaya ta yi, kowa ya ja amawali har ƙasan ido, kuma mutumin da ya kwana yana duban mahaya ɗaruruwa a allo ba a yi masa shaidar gani. Ya zaɓi wanda ya fi kyan zama a kan sirdi, bisa kyautata zato ga Baffansa, ya gyara shi, aka wanke babba, aka sa a firam, aka rataye a zaure, 'yan majalisa suka zo suka yi ta sambarka.

Inna, matar Baffa, ita ce ta fara lura, ranar da ta leƙo zauren bayan baƙi sun tafi, inda ta ce, "Malam, ai dokin da ka fita da shi akawal ne, baƙi wuluk, wannan kuwa kili ne." Aka aika a kira mai hoton, ya zo ya durƙusa ya fara bayanin rajista da janareto da harafin f, ya kuma yi alkawarin nemo na gaskiyar, wanda daga baya aka same shi, Baffa ya karkace a kan sirdi yana laluben likkafa da ƙafar hagu. Baffa ya dubi hotunan biyu na ɗan lokaci, ya mayar wa yaron na akawal ɗin ya ce ya ajiye a kwamfutarsa tun da ita ta san darajarsa, sannan ya umarci a bar na kilin a inda yake, ya kuma gargaɗi Inna cewa maganar launin doki ba ta mata ba ce.