Wasiƙa daga Jamus: Awon Intanet Sau Talatin

Zuwa ga Inna da Baba da duk mutanen gida. Ɗanku na Jamus yana nan lafiya. Sanyi ya sauka, kuɗin makarantar Auta ya tafi ta hannun da aka saba, maganar gona kuma sai a waya. Abin da ya sa ya ɗauki alƙalami shi ne tsiyar Kawu, wai yaya mutum yana zaune a Turai amma hotonsa na daskarewa a waya.

To Kawu ya gyara zama. A nan intanet na gida ta waya yake shigowa, wayoyin kuma iri uku ne. Akwai tsohuwar wayar tarho ta jan ƙarfe, yawanci mallakar Telekom, wadda kamfanoni irin su 1&1 da O2 ke haya su sayar wa jama'a. Iyakar gudunta megabit 250, kuma duk gidan da ya yi nisa da akwatin bakin titi gudunsa raguwa yake. Akwai wayar talabijin, wadda Vodafone ya fi riƙewa. Ita tana kai megabit 1,000, sai dai da maƙwabta ake rabawa, da magariba kowa ya dawo daga aiki ya kunna fim sai ta yi nauyi. Ta uku zaren gilashi ce, sarauniyarsu, har yau ana haƙa tituna ana shimfiɗa ta. Yarjejeniya kuwa galibi ta wata 24 ce.

Yanzu ga inda abin yake. Tun Disambar 2021 doka ta ce wanda ya biya kuɗin gudu bai samu ba yana da ikon rage abin da yake biya. Amma sai ya kawo shaida, shaidar kuma ta hukumar Bundesnetzagentur ce, wadda ke Bon, garin da Baba ke jin sunansa a rediyon DW. Kawu ya gwada furta sunan nan sau uku a jere, ɗanku ya ɗauki nauyin goron shekara.

Ƙa'idar ita ce a auna gudun sau 30. A kwana uku daban-daban, goma kowace rana, a bar aƙalla kwana ɗaya tsakanin ranakun. Tsakanin awo da awo aƙalla minti biyar. Tsakanin na biyar da na shida aƙalla awa uku cur. A gama duka cikin kwana 14, da kebul a jikin kwamfuta, ban da Wi-Fi.

A kasuwar Dawanau, idan mai awo ya tauye wa Kawu mudu, ihu ɗaya ya isa, kafin azahar an raba gardama. Da a Jamus ne, sai Kawu ya auna geron sau goma, ya tafi gida ya kwana biyu, ya dawo ya sake, kafin hukunci ya fito Inna ta daka geron ta dama kunu an shanye. Bajamushe kuwa ko a jikinsa. Wani dattijo maƙwabcin ɗanku da ya ji labari, sai fuskarsa ta cika da annuri, ya ɗauko fayil mai kauri ya nuna nasa sakamakon shafi-shafi. Mutumin nan ko ɗaurin auren jikarsa ne ya zo daidai da awo na shida, ango zai jira.

Ɗanku ya bi ƙa'idar nan har ƙarshe bai tsallake ko ɗaya ba, takarda ta fito, kamfaninsa ya rage kuɗi ya kuma turo ma'aikaci ya gyara layin. A gaya wa Yaya, mai cewa zuri'armu ba ta da haƙuri.

Ba ragin kuɗin ne ya zaunar da shi gaban kwamfuta ba. Gidan nan shiru yake, ba mai sallama, ba mai aiko yaro karɓar gishiri. Kiran ranar Juma'a shi ne zaurensa, kuma ba ya son addu'ar Inna ta yanke a tsakiya.

Nasa ɓangaren ya gyaru, saura naku. An tura wa Inna data ta wata guda. Auta ya ji da kyau: idan ta ƙare a TikTok kafin Juma'a, takalmin ƙwallon da aka saya masa ya zama na ɗan Kawu.

A gaida kowa da kowa.

Ɗanku na Jamus