Mai Silinda Shida, Ko Kun Ƙi Ko Kun So

Na san abin da za ku ce tun ban buɗe baki ba. "Ina mutumin Dutse ina motar gudu? Daga Takur zuwa sakatariya minti nawa ne?" To, Alhaji, an ji. Amma kai da ka riƙe Corolla tun kafin a buɗe Jami'ar Tarayya a 2011, tsakaninka da Allah: in ka tarar da tirela a hanyar Kiyawa zuwa Jahun, ka fito za ka wuce, ka taka totur mota ta yi ta ihu ba ta tafi ba, ga wata ta taho, salati kake yi ko ba ka yi? Amfanin ƙarfin inji ke nan, ka wuce ka koma hannunka da sauran numfashi.

Ku kuma samari ku daina tafi, ban zo gare ku ba tukuna. Kai ƙanena mai mafarkin BMW 335i, turbo biyu, taya siririya, ciki yana sharar ƙasa: sannu da buri. Injinta ya yi suna wajen gudu, ya kuma yi suna wajen kashe famfon mai da famfon ruwa, kuma na ruwan da lantarki yake aiki. Ka haɗa wannan da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da man 'yan bumburutu. Ranar da ta tsaya maka a Kwanar Huguma, bakanike zai leƙa, ya share hannu, ya ce sai Kano. A Ƙofar Ruwa su ce sai an aiko daga Legas. Kafin kaya su iso ka haddace sunan duk ɗan acaɓan unguwarku. Tudun rage gudu kuwa, a karkace za ka riƙa hawa, yara na kallo.

Tawa shawarar ba za ta burge kowa a wajen ɗaurin aure ba: Toyota Camry ta 2007 zuwa 2011, wadda ake kira Muscle, amma mai silinda shida. Na ji dariya. Ku gama tukuna. Injin nan mai lita 3.5 ƙarfin doki 268 gare shi. Shi ne a cikin Lexus ES 350, shi ne a Avalon da Sienna, kuma shi kamfanin Lotus na Ingila ya ɗauko ya dasa a motarsa ta tsere, Evora. Wato injin da Bature yake sa hular kwano ya tuƙa, shi za ka kai yara Islamiyya da shi, ka biya kasuwar Shuwarin ka jefa buhun gero a but, surukinka ya gan ka ya ce yaron kirki ne, ba ya almubazzaranci. Kura ce da fatar akuya, ni kuwa a nan ina bayan kurar.

"Mai fa?" Yauwa, Malam, dama kai nake jira. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ya zama masanin lissafi. E, tana sha fiye da mai silinda huɗu. Sai dai ka tambayi masu ƙaramar, mai lita 2.4, yadda da yawansu ke yawo da galan ɗin baƙin mai a but, domin injinta ya shahara da shanye shi. Kafin ka biya kuɗi, a duba bututun baƙin mai na roba da aka sa wa masu silinda shida na farko-farko ko an canza shi da na ƙarfe, ka kuma shafa dashbod, domin rana tana narkar da shi ya yi danƙo.

Ƙa'idar hukumar kiyaye haɗura kuwa ba ta san doki nawa ke gare ka ba: 50 a cikin gari, 80 a babban titi, 100 a tagwayen hanya. Wanda ya ce to me ya rage na daɗi, ya zo ranar Asabar mu je Wudil cin kifi. Shi zai sha man.