Ka Ce Ruwa Ya Hana Hawa Keke? Zo Mu Yi Ta!

Tun daga nan na hango ka murguɗa baki, Malam. Wai ƙato da gemunsa ya sayi keke da kuɗin da ya isa sayen babur, ya ɗaura shi a bayan mota, ya tafi har gindin dutse, ya hau da gumi ya sauko da laka, sannan a ce wasa yake yi. Ka ce rashin aikin yi ne? Ai ba ka ji komai ba tukuna. Har cikin ruwan sama masu wannan wasa suke yi, kuma idan aka ɗauke ruwan su dawo da diga da shebur su gyara turbar da suka bi, ba wanda ya ba su ko sisi. Yi dariyarka, ba sauri nake ba. In ka gama, goge hawayen mu yi magana.

Ka ce sabon salo, kiran sallah da usur? Wane sabo! A 1976 ne wasu samari a gundumar Marin ta Kalifoniya, cikinsu da Charlie Kelly da Joe Breeze da Gary Fisher, suka soma tseren gangarowa daga tsauni kusa da garin Fairfax, bisa tsofaffin kekunan Schwinn masu birkin feda. Gangarar wajen mita 400 ce cikin kilomita 3, kafin a kai ƙasa giris ɗin birki ya toye yana hayaƙi, sai an cusa wani. Shekara 20 bayan haka, a 1996, abin da kake kira shiririta ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Kai fa, a wannan shekarar me ka shiga?

To, ka ce mai hankali sai ya jira rani? Madalla da wannan shawara. Je ka Sikotilan ka ba su ita, amma ka tafi da lema. A garin Fort William, gindin Ben Nevis, dutsen da ya fi kowane tsawo a Birtaniya, ruwa ba ya duba kalanda. Wanda ya ce sai ƙasa ta bushe ƙamas zai hau, tsatsa ce za ta gaji kekensa. Duk da haka daga 2002 sun yi shekaru suna karɓar gasar cin kofin duniya ta gangaren tsauni, an kuma yi gasar zakarun duniya a can a 2007 da 2023, kan turbar da ta kusa kilomita 3, mai zubowa fiye da mita 500. Ko ka ji labarin Danny Hart? A 2011, a Champéry ta Suwizalan, ana tsuga ruwa, turba ta zama caɓi, wannan yaro ɗan Ingila mai shekara 19 ya lashe kambun duniya da ratar sama da daƙiƙa 11, a wasan da ƙiftawar ido kan raba na ɗaya da na biyu. Da ya bi shawararka, da yana ɗaki yana shan shayi.

A'a, tsaya! Ina kuma za ka? Yanzu ka juya ka ce ashe a hau kawai, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara? Kai jama'a, wannan mutum bai san tsakiya ba. Hadari ba shi ke ba da izini ba, ƙasa ce. Turbar da aka shimfiɗa da tsakuwa aka danne, irin ta dajin Glentress kusa da garin Peebles, ko wadda ke bisa dutse da yashi, tana shan ruwa ta tsane, ka wuce ba ta san ka wuce ba. Amma turbar yumɓu, in ta jiƙe, ba ta mantuwa. Tayarka za ta tsaga mata layi, rana ta fito ta gasa layin, ya zauna daram har wata damina. Gwajin bai buƙatar digiri: waiga ka dubi bayanka. In ka ga sawunka ya nutse, ko laka ta naɗe taya har ta cika haƙoranta, juya ka koma gida. Ka ce ka riga ka sayi mai ka zo daga nesa? Allah sarki. Yumɓu bai san farashin mai ba.

Na san abin da ke bakinka: ashe dai taya ce ke kashe turba, a hana keken a huta. Ka kama ɗan aike ka bar mai aiken. Taya zane kawai take yi. Ruwa ne mai ɗaukar ƙasar ya tafi da ita. Idan turba ta miƙe tsaye daga bisa zuwa ƙasa, ruwa zai mai da ita hanyarsa, yana tafe yana ƙara gudu, yana gudu yana ƙara ci, yau ɗan layi, baɗi kwazazzabo. Shi ya sa magina turba ke da ƙa'idar rabi: gangarar turba kada ta wuce rabin gangarar tsaunin da ta ratsa. In tsaunin na zubowa mita 20 cikin kowace 100, turba ta tsaya a 10. Sai kuma a ɗan karkata fuskarta waje, kamar kashi 5 cikin 100, don ruwa ya tsallaka ya wuce maimakon ya bi ta. Ka lura da yadda turba mai kyau ke ɗan nutsawa ta ɗago, ta sake nutsawa ta ɗago? Ka ɗauka don a ji daɗin lilo aka yi? Daɗin gyara ne aka ba ka. Kowane ɗan kwari ƙofa ce da ake korar ruwa ta nan kafin ya yi ƙarfi.

Ga tambayar jarrabawa. Kana tafe, sai ga ruwa ya kwanta a tsakiyar turba. Ta ina za ka bi? Ka ce ta gefe mana, wa ke son ɓata wando? Ka faɗi, ɗan'uwa, faɗuwar da ba gyara. Ta tsakiya ake bi. Ka kauce ka taka ciyawar gefe, na bayanka ya ga sawunka ya bi, na bayansa ya ƙara kaucewa. Ciyawa ta mutu, gefen ya zama taɓo, turbar da faɗinta bai fi kamu biyu ba ta koma fili, ruwan kuma yana nan, ya ma samu ƙarin ɗaki. Ƙasan wurin da ruwan ya kwanta sau da yawa ya fi gefen tauri, tunda an daɗe ana danne shi. Wanda ke tsoron laka a wando ya sayi darduma ya yi ta zagaye falo.

To wa ke gyarawa? Ka ce gwamnati? Ko aljanu ne ke fitowa da dare da manjagara? Hukumar gandun daji na yin nata, amma babban kaso a wurare da dama mahayan ne da kansu, 'yan sa kai. Gayya ce irin wadda ka sani, sai dai babu makaɗi, kuma fura ta koma shayi a filas. Leƙa ka ga aikin. Mutum ya tsuguna bakin ruwan da ya kwanta, ya ga ɗan tudun ƙasa da ganye da tayoyi suka ture gefe, wanda ya zama ganuwa ya tare ruwan. Ya sa fartanya ya kankare ganuwar, ya fafe gefen turbar siffar rabin faifai, faɗin wajen mita 3, ba rami mai baki ba, ɗan gangare mai laushi yadda mahayi zai wuce bai ji ba. Ya watsa ƙasar can ƙasa nesa, ya bubbuge wurin da bayan shebur. Sai ka ga ruwan ya yi jim, ya leƙa, ya sulale. Inda ƙasa ta ƙi jin magana, a jera duwatsu a binne rabinsu. A tsaunukan arewacin Vancouver ta Kanada, inda daji ke jiƙe kusan kullum, gadojin katako suka riƙa kafawa bisa taɓo. Kuma ana share magudanai tun kafin ruwa ya kankama, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka ce duk wannan neman suna ne? Neman wuri dai. A 1988 aka kafa ƙungiyar masu keken tsauni ta IMBA a Kalifoniya, saboda hukumomi sun fara rufe turbobi suna korar masu keke. Suka gane cewa mai ƙasa ya fi sauraron mutumin da ya gani riƙe da diga bisa wanda ya gani yana tayar da ƙura. Da guguwar Arwen ta kwantar da itatuwa bila adadin a dazuzzukan Sikotilan cikin Nuwamba 2021, har da Glentress, an daɗe ana sara ana ja kafin turbobi su buɗe. Kowa ya ci ladan kuturu, ai ka san sauran.

Yanzu ka sassauto, ka ce to in mutum zai hau cikin ruwan, yaya zai tsira da haƙoransa? Yauwa, ka fara tambayar masu hankali. Rage iskar taya kaɗan don ta kama ƙasa. Ja birki da wuri, a inda ƙasa ke da riƙo, ka sake shi kafin ka hau jiƙaƙƙiyar saiwa ko dutse mai gansakuka. Saiwa a gicciye ake tsallaka ta. Ka zo mata a karkace, za ta nuna maka sararin sama. Kada ka danne birkin baya har taya ta daina juyi tana jan ƙasa. Ka ce ai shi ne burgewar? Burgewa a hoto, noma a turba, kuma wani ne zai zo ya cike kunyar da ka yi.

Ka dawo gida, ka ce keken ya kwana da lakarsa, gobe ma rana ce? Tsakuwar da ke cikin lakar nan ita ke cinye sarƙa da takalmin birki. Wanke, tsane, ɗiga mai. Ba don keken kaɗai ba: tun 2009 wata cutar itatuwa ke kashe bishiyoyin larch a Birtaniya, har ana sare dazuzzuka saboda ita, kuma laka a taya da takalmi na iya kai ta wani dajin. Ka ga ƙyuyarka ta samu fasfo.

Saura hujja ɗaya a aljihunka, na gan ta: wai kai ko keken ba ka da shi, me ya yi maka zafi? Wa ya tambaye ka keke? Ranar gyaran turba a gindin bishiya ake jingine kekuna. Abin da ake nema shi ne mai tura baro, kuma mutumin da ya iya gardama tun daga kan takarda har ƙarshenta bai gaji ba, wallahi numfashinsa ya isa hawa tudu da lodin tsakuwa. Zo da takalmin roba. Gardamar ma ka zo da ita, za mu ƙarasa a hanya, amma kai ne a bayan baron.