Banjo Ɗaya Ba Ya Kwana Shi Kaɗai

Ana yi wa masu tara tsofaffin banjo kallon mutanen da kuɗi ya yi wa yawa, hankali ya yi wa kaɗan. Ni kuwa ina nan kan bakana: babu wanda ya taɓa ɗaura niyyar tarawa, banjon farko ne ke gayyato 'yan'uwansa. Salon kiɗan da nake magana a kai ya yi tashe a Amurka da Ingila daga wajen 1880 zuwa 1920, da yatsu zalla ake kaɗa shi, a kan tsirkiya biyar ta hanjin dabba. To, bawan Allah ya sayi ƙirar S. S. Stewart na Filadelfiya, wanda ya rasu a 1898, sai ya tarar wani magaji ya ɗaura masa wayar ƙarfe, ta ja wuyan har ya lanƙwashe, ƙugiyoyin ɗaure fata kuma rabi sun ɓace. Irinsu an daina ƙerawa tun zamanin kakanni, dole a sayi na biyu a ciri kaya. Na biyun ya iso, ya fi na farko lafiya. Wa zai yanka lafiyayye don jinyar majinyaci? Sai a nemo na uku.

Takardun kiɗan sun fi mugunta. Amurkawan wancan zamani suna rubuta kiɗa a ma'aunin A, har bayan an ɗaga ɗaurin tsirkiya ya koma C ba su fasa ba, Turawan Ingila kuwa suka rubuta nasu a C kai tsaye. Wanda ya koyi karatu da takardun Joe Morley ko Emile Grimshaw, waɗanda kamfanin Clifford Essex na Landan ya buga, in ya buɗe ta Stewart, yatsunsa za su sauka inda ba a aike su ba, maƙwabta su ɗauka an taka wutsiyar kyanwa. Maganin shi ne littafin koyarwa na kowane ɓangare, littafin kuma ya ambaci wani kiɗa da ke cikin mujallar BMG, wadda ta fara fita a 1903. Shi ke nan, an buɗe sabuwar durowa.

Za a ce makaɗi hannu biyu gare shi, me zai yi da banjo goma? Na yarda da lissafin hannuwa. Amma fatar maraƙi tana sakewa da danshi, muryar ta dushe, don haka a goman nan da ƙyar a samu biyu masu magana rana ɗaya. Za a ce akwai fatar roba da tsirkiyar nailan, takardun ma an ɗora da yawa a intanet kyauta. Gaskiya ne, sai dai wani ne ya fara biyan kuɗin gwanjo, ya shaƙi ƙura, ya sha gorin iyali kafin a samu abin ɗorawa.

Hujjar da ta fi min nauyi ita ce, kayan nan shaidu ne. Banjo ya faro daga ƙwarya da fata a hannun bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma, dangin gurmi ne da akonting na ƙabilar Jola. Su Stewart suka yi masa ado da ɓawon kawa mai sheƙi, suka sa masa kwat, don ya shiga falon masu kuɗi a manta da asalinsa. Sai an jera tsoho kusa da sabo ake ganin yadda aka yi wannan wankin. Jerawa kuwa tana son bango, shi ya sa mai tarawa ke fara tambayar kuɗin haya a gida mai ɗaki huɗu.