Mu Mutanen Miga Nau'in Ƙasa Ne

Ranar Talata na aiki ɗan ƙanena fadama ya kori tsuntsu daga shinkafa. La'asar sakaliya na same shi a rumfar mai caji, shi da wasu yara sun haɗa kai a kan waya ɗaya kamar masu rabon gado. Na ce, "Kai, ina gonar?" Ko ɗagowa bai yi ba. "Baffa, ai mai fiffike ya fi ciyawa ƙarfi, ninki biyu yake mata ɓarna. Ko na je ba abin da zan iya."

Wato fatawa ya ba ni daga Pokémon, dodannin nan da Japanawa suka sako wa duniya tun 1996. Ruwa ya kashe wuta, wuta ta cinye ciyawa, ciyawa ta shanye ruwa. Da nau'i 15 suka fara, yanzu sun kai 18, in ka haɗa kowanne da kowanne jadawali ne mai gida 324. Yaron da bakwai sau takwas ke sa shi kallon rufin aji ya haddace shi tsaf, ko cikin barci ka tashe shi zai kawo maka. Satoshi Tajiri, wanda ya ƙirƙiro abin, yana yaro yawon kama ƙwari yake a daji. Namu ko fara ce ta sauka a kan hancinsa sai dai ya kaɗa kai, hannu ba fili.

Amma wata ƙa'ida guda da yaran suka karanto mini ta hana ni barci. Wai lantarki ba ya yi wa nau'in ƙasa komai. Ba rabi ba, ba kwata ba, sifili. Pikachu, dodon lantarki, ya kumbura kunci, ya saki tsawar da za ta gasa sa, dodon ƙasa na tsaye yana hamma.

Jama'a, ashe shekara da shekaru alhakin masu wuta muke ɗauka. Gidanmu na ƙasa, zauren ƙasa, rumbun ƙasa, to ta ina lantarki zai kama mu? Ga turke a ƙofar gida, ga waya ta ratsa ta saman soro, amma ƙwan ɗakina yana nan sabo fil, bai taɓa sanin zafi ba. Zan iya barin shi cikin gado. Fankar uwargida kuwa gizo-gizo ya yi mata aure, har ya ga jikoki a ciki. Maƙwabcina ya yi wa gidansa shafen siminti ko zai sauya nau'i, shiru, domin ƙasar na nan a ƙarƙashi kuma lantarki ba wawa ba ne. Takardar kuɗin wuta kaɗai ke iso mu, ita kuwa nau'in fatalwa ce: tana ratsa bango, kuma bugu irin na talaka ba ya taɓa ta.

Mai caji dai ya gama gane wasan. Ya kafa farantin sola a kan rumfa, ya ɗauko rana ya tsare a batir, yana sayar mana da ita kaɗan-kaɗan. Dodon yaro na kan ganiyar faɗa, waya ta yi ja, sai an lallaɓo aljihun Baffa.

Abin haushin, jadawalin nan a fadamarmu ake buga shi kowace shekara, kuma ba da wasa ba. Ciyawa ta fi ruwa? Je ka ga yadda kacala ta toshe hanyoyin Kogin Haɗeja, ruwa ya rasa mafita ya juyo gonaki. Mai fiffike ya fi ciyawa? A cikin kacalar nan jan-baki ke kwana, da safe ya faɗa wa shinkafa. Ruwa ya fi ƙasa? Tambayi duk wanda ya ga daminar 2022 a Jigawa, da katangu suka riƙa zubewa, mutane suka koma kwana a makarantu.

Nan ne bakina ke mutuwa a gaban yaran. Yaro in ya tura dodon ƙasa ruwa ya cinye shi, gobe ba zai sake ba. Mu masu furfura fa? Mu yanka fili a hanyar ruwa, mu gina. Mu juye shara a magudana tun bazara. A yi gayyar yasar kwata, kowa ya tuna yana da ɗaurin aure a Dutse. Agusta ta zo, ruwa ya bi hanyar da kakansa ya bi, mu tsaya a kan tudu muna salati kamar yau aka fara ruwa a duniya. Allah ya ba mu hankali, mun ajiye shi a ƙarƙashin tabarma kada ya tsufa.

Saboda haka, iyaye, ku daina ƙwace wayar. Kafin ku haƙa harsashin gini, ku kira yaron ya duba muku jadawali. Shi kuma a tura shi fadama da gwangwani da majajjawa, domin jan-baki bai san Japananci ba.