Wuƙa ko Reza?

Agogon hannu yakan yi shekaru yana bugawa ba ƙorafi. Madaurinsa ne ba shi da alkawari. Ranar da ya ga dama yake tsinkewa, galibi ana cikin alwala.

Abu mai sauƙi, in ji maigida. A auna faɗinsa, ko milimita 18 ne, ko 20, ko 22, a sayo sabo. Don me za a ba mai gyaran agogo kuɗi?

Abin da ke riƙe madauri wani siririn ƙarfe ne, bai kai tsinken ashana ba, da ɗan sifirin a cikinsa. Sai an danna kansa ciki yake saki. Masu sana'ar suna da abin dannawa na musamman, mai tsagaggen baki. Maigida kuwa wuƙar yanka albasa ya ɗauko.

Dannawa ɗaya, ƙarfe ya yi sama. Ba wanda ya ga inda ya nufa.

Nan take aka kafa dokar ta-ɓaci. Kowa ya tsaya inda yake! Aka hana shara. Aka ɗage tabarma, aka kunna tocilar waya, yara suka shiga rarrafe. An samo maɓalli biyu, da ɗan kunnen uwargida da aka zargi 'yar aiki da shi tun ƙaramar salla. Ƙarfe dai shiru.

Washegari maigida ya isa teburin mai gyara, agogo a aljihu. Mutumin ya buɗe wani gwangwani cike maƙil da irin ƙarfen. Bai ko ɗago kai ba.

"Alhaji, da wuƙa aka yi ko da reza?"